Ranar da Na Shiga Filin Ragbi da Muciya

Ba ni na hana Bulus fita ƙasar waje ba. Na gaji da jin maganar nan. Duk Kirsimeti idan kuka taru a tsakar gidan nan, kuka ci shinkafata kuka ƙoshi, sai wani ya tayar da ita: wai Kaka ta shiga fili da muciya, ta fasa wa baƙo kai, ta kori gasar duniya daga Najeriya, wai da yanzu Baba yana can waje ana nuna shi a talabijin. Sai ku fashe da dariya, har ƙananan da ba su san mene ne ragbi ba. Shi kuma Bulus yana zaune da furfura a gemu yana murmushi. Na shiga filin, gaskiya ne. Muciya ce a hannuna, wannan ma gaskiya ne. Kan mutumin bai fashe ba, kafaɗa na samu. Amma kullum a nan kuke tsayar da labarin, don nan ne wurin dariya. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro da girmana, zan rubuta sauran da hannuna, wanda ya ga dama ya karanta.

Lokacin kakanku Ayuba ya riga ya rasu. Aikin gyaran layin dogo ya yi duk rayuwarsa, ni kuma ina sayar da tuwo da faten acca a tashar jirgi. Da jirage suka fara ƙaranci, har a yi mako ba a ji kukan jirgi ba, sai na kwashe tukwanena na koma bakin kasuwa, kusa da rumfar Hajiya Larai mai man gyaɗa. Bulus shi ne babban ɗana. Ya gama sakandare, ya je reluwe neman gurbin ubansa, aka ce masa su ma waɗanda ke ciki zaman jira suke. Sai ya shiga dakon citta. Yakan ɗora buhu a wuya ya hau katako da shi zuwa cikin babbar mota, tun safe har rana ta yi sanyi. Wuyansa ya yi kauri kamar turmi. Ina kallonsa ina jin zafi, don ba don dako na sayar da tuwo na biya masa makaranta ba. Da yamma sai ya ce ya tafi bal a bayan loko, inda ake gyaran jirage, wajen Oga Emeka. Oga Emeka mutumin Ibo ne, tsohon makanikin jirgi, ya zo Kafanchan tun yana saurayi, ya tsufa a cikinmu. A Legas ya koyi wasan wajen Turawa. Ni dai da na ji an ce bal, na ɗauka irin wadda kowa ya sani ce, ta ƙafa. Sai ranar da Bulus ya shigo da ita gida ya ajiye kusa da randa.

"Bulus, wa ya zauna a kan ƙwallon nan?"

"Mama, haka take."

"Haka take yaya? Wannan ai gwanda ce. Ku je ku mayar wa mai shago."

"Da hannu ake ɗaukarta, Mama. Ka ruga da ita gaba, amma in za ka ba ɗan'uwanka sai ka jefa masa baya."

"Gaba kuke so ku je?"

"E."

"Amma baya kuke jefawa?"

"E, Mama."

Na ce masa ya je ya yi wanka. Ban ƙara tambaya ba, don na ga in na ci gaba kaina ne zai yi ciwo. Yana dawowa da riga a yage, wani lokaci da kunne a kumbure, in tambaye shi wa ya doke shi, ya ce ba kowa, wasa ne. Na ce to, yaro ne, gara wannan da burkutu.

Wata rana Oga Emeka ya zo rumfata da kansa, ya zauna a benci, ya ƙi cin abinci, wai magana ta kawo shi. Shi Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Mama Bulus, kai ka san yaronka zinariya ne? Wuyan nan nasa, ko a Legas babu. Yanzu duniya ya canza. Da, wasan nan kyauta ake bugawa. Yanzu an yarda a biya albashi, kamar aikin gwamnati. Akwai babban gasa, ƙasa uku suna bugawa. Suna so su ƙara ƙasa. In sun ƙara, za a yi kulob a Legas. Akwai mutum zai zo ya duba yara."

"Wace ƙasa ce za ta ɗauke shi?"

"Ba ƙasa ba, kulob."

"Kulob ɗin na wace ƙasa?"

"Na mu. Amma zai buga da na su."

"To in namu ne, me ya sa mutumin waje ne zai zo ya zaɓa?"

Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce in dai yi addu'a. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a coci, ran Talata da Alhamis, mu mata manya muna zaune a bencin yara gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Na roƙi malamarmu ta buɗe mini taswirar duniya. Na faɗa mata sunayen da na riƙe daga bakin Oga Emeka. Ta nuna mini ɗaya a can gindin Afirka, sauran biyun kuma ta kai yatsa har ƙarshen takarda, inda ruwa ya kewaye ko'ina. Na ce mata, mutanen da ke can ƙarshen takarda, me ya haɗa su da mai dakon citta a Kafanchan? Ta ce ita ma ba ta sani ba. A kasuwa kuwa kowa da nasa. Wani ya ce Ingila za a kai su. Wani ya ce sojan haya ake nema, an fake da wasa. Wani mai acaɓa ya rantse mini cewa Bature ne zai zo da jirgin sama ya sauka a filin loko. Abu ɗaya na gane a cikin duk wannan, kuma shi na riƙe: akwai mutum guda da zai zo sau ɗaya, in ya ga Bulus ya yaba, buhu ya sauka daga wuyan ɗana. In bai gan shi ba, shi ke nan.

Yanzu sai na gaya muku abin da ku ba ku sani ba, ku da kuka tashi kuka tarar da gari. Tun rikicin addinin da ya faru a garin nan a tamanin da bakwai, kunnen kowa a tsaye yake. Shekaru sun wuce, an gyara abin da ya ƙone, muna gaisawa muna ciniki, amma idan tayar mota ta fashe a bakin kasuwa, kafin ka juya rabin rumfuna sun rufe. Ba wanda ke tsayawa tambaya. Ka ga mutum biyu suna gudu, kai ma ka ɗauki ɗanka ka ruga, in ka isa gida ka tambayi dalili. Ni da Hajiya Larai ba mu taɓa zama mun yi maganar wancan lokaci ba, ko sau ɗaya. Tana ba ni mai, ina zuba mata fate, ɗanta Sani da Bulus tare suke dako, tare suke zuwa bayan loko. Amma kowaccenmu ta san ta wace hanya za ta bi in abu ya tashi, kuma hanyoyin ba ɗaya ba ne.

Ranar Asabar ce, kasuwa ta cika. Bulus ya fita tun da sassafe, ya ce yau baƙon zai zo. Na sa masa albarka, zuciyata tana can bayan loko, inda suka saba. Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya sani a kasuwar nan, shi ne Oga Emeka ya tashi da safe ya dubi filin loko, ya ga ciyawa da tsofaffin ƙarafa, kunya ta kama shi, ya kwashi yaran ya kawo su filin firamare da ke bayan kasuwa. Bai gaya wa sarkin kasuwa ba, bai gaya wa mai unguwa ba, bai gaya wa ko mai shara ba. Ina tsakiyar tuƙa tuwo sai na ji wata irin kuwwa, ba ta masu ciniki ba, irin ta maza idan sun haɗa ƙarfi. Sai ga wata yarinya mai tallan gauta ta shigo a guje, farantinta babu komai.

"An fara! An fara a firamare! Samari sun kama juna, akwai jini!"

"Su wa da wa?"

"'Yan coci da 'yan masallaci! Na ga Bulus ɗinki a ƙasa!"

Kasuwa ta watse. Ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Tumatir a ƙasa, akuya ta tsinke, mahauta suna tattara wuƙaƙe suna cusawa a buhu, ƙofofin shaguna suna ta bugawa. Kowa ya yi gabas, ni na yi yamma. Ban san muciya na hannuna ba sai daga baya, tuwo ma na jikinta. Da na zagaya katangar makaranta, ga abin da idona ya gani, kuma ina so ku gaya mini abin da ku za ku ɗauka. Samari sun fi goma sun dunƙule wuri guda, sun sunkuya, kai ya shige cikin kai, suna ture juna suna gurnani, ƙasa na tashi a ƙarƙashin ƙafafunsu. Bulus yana gaba, kan Sani ya shige ƙarƙashin kafaɗarsa, jini na bin kunnen Bulus har wuya. Na ga yaran unguwarmu, na ga yaran unguwar su Hajiya. A gefensu ga wani ƙaton mutum baƙi wuluk da gajeren wando, wanda ban taɓa gani a garin nan ba, da usur a baki, yana daka musu tsawa da wani irin Turanci yana nuna su ƙara turawa. Ni Bature aka ce mini zai zo. Ban ga Bature ba. Na ga baƙon fuska yana zuga yaran gari su kashe juna.

A daidai nan Hajiya Larai ta ɓullo ta ɗaya gefen katangar, mayafinta ya faɗi, da ludayin awon mai a hannunta. Muka tsaya muka kalli juna. Ba zan ɓoye muku ba, wannan kallon ya fi komai muni a ranar. Ita tana ganin ɗana ya danne nata, ni ina ganin nata ya fasa wa nawa kunne. Ban san me zai fito daga bakina ba. Sai mutumin ya sake busa usur. Mu biyu muka juya kansa. Ni na riga ta isa. Na ɗaga muciya na sauke masa a kafaɗa, tuwo ya fantsama a rigarsa, usur ya faɗi. Hajiya ta kama Sani ta ƙugu tana ja. Dunƙulen nan ya rushe, yara suka zube kan juna. Bulus ya ɗago kai daga ƙasa ya gan ni.

"Mama! Me kike yi a nan?"

"Tashi mu tafi! Wa ya fasa maka kunne?"

"Mama, wasan ke nan! Shi ne baƙon!"

"Wane baƙo? Ina Baturen?"

Oga Emeka ya taho da gudu, hannu biyu a ka, yana kiran sunan Yesu da Ibo. "Mama Bulus, kai ka kashe ni! Kai ka kashe ni yau!" Kafin a gama wannan sai ga motar 'yan sanda, don labari ya riga ya kai musu cewa gari ya kama. Suka kori kowa daga filin, suka ce kada a sake ganin taron samari a wurin. Aka tafi da Oga Emeka ya yi bayani. Baƙon ya tsinci usur ɗinsa, ya kakkaɓe tuwo daga kafaɗa, ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ya shiga mota. An ce wasan ko rabi bai kai ba. Daga baya na ji wai mutumin Kenya ne. Wani ya ce Zimbabwe. Har yau ban tabbatar ba.

Da yamma Bulus ya dawo. Na zuba masa abinci, ya zauna ya zuba wa kwanon ido. Yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Gobe da safe zai wuce Jos, Mama. Yana da yara a can da zai duba. Bai ga komai a wurinmu ba."

"Ni na san wasa ne? Kai ka taɓa ce mini kuna cusa kai cikin na juna?"

"Kin taɓa zuwa kin gani?"

"Da wa zan bar tukunya?"

Ya ture kwanon a hankali ya tashi. Ya ɗauko tsumman da yake naɗawa a wuya in zai ɗauki buhu, wanda ya jefar bayan ɗaki tun ranar da aka ce baƙo zai zo, ya kakkaɓe shi ya rataya a ƙusa. Na zauna a bakin murhu kaina na juyawa. Na je ceton ɗana, an ce na kashe masa hanya. Mutanen da suka rungumi juna har jini ya fita, an ce ba faɗa suke ba. Baturen da ake jira ya fi ni baƙi. Gasar ta mutanen ƙarshen takarda ce, amma wai tamu ce. Ana so a je gaba, ana jefawa baya. Na rasa ta inda zan kama. Ina nan zaune sai ga sallamar Hajiya Larai, ita da ba ta taɓa taka gidana ba duk shekarun nan, a kasuwa kawai muke haɗuwa. Ta zauna a tabarma, ta ce Sani ma ya ƙi cin abinci. Can ta ce:

"Maman Bulus, ke kin gane wasan nan?"

"Ko kaɗan."

"Ni ma. Amma da na gan ki a bakin katangar nan, wallahi ban san abin da na so in yi ba."

"Na sani, Hajiya. Bar shi a nan."

"To yanzu fa?"

Na ce mata laifin ba na yara ba ne, ba kuma namu ba ne. Wanda ya tara samarin unguwa biyu a bayan kasuwa ran Asabar, ya sa su kokawa bai gaya wa kowa ba, shi ne bai san garin da yake zaune ba, ko da ya shekara arba'in a ciki. Mutane sun gudu ne don ba su ga wanda suka sani a bakin filin ba. Da sun hango ni da ita a tsaye muna kallo, ba wanda zai rufe shago. Hajiya ta ce haka ne. Na ce to ta je ta gaya wa matan layinsu, ni zan bi 'yan zumuntar mata ta coci gida gida kafin duhu, kuma ta aika mijinta wajen mai unguwa da sarkin kasuwa, su kuma su san yadda za su yi da 'yan sanda.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko da yake kun fi son ku manta. An sake wasan. Mutumin ya ga Bulus, ya ga Sani, ya tafi da su Legas, suka yi watanni suna atisaye. Gasar ce ba ta zo ba. An ce sai baɗi, baɗi ta zo aka ce sai wata baɗin, daga nan ba wanda ya ƙara maganar. Na tambayi Oga Emeka dalili har ya rasu, kullum amsarsa daban: yau kuɗin jirgi, gobe siyasa, jibi wai ba a taɓa sa sunanmu ba ma tun farko. Ba ma ɗan Kafanchan ba, ko ɗan Legas bai buga ta ba. To ku gaya mini, muciyata har can ƙarshen takarda ta kai? A Legas ɗin dai Bulus ya haɗu da wanda ya koya masa aikin walda, kuma buhu bai sake hawa wuyansa ba. Wannan walda ita ta kai ku makaranta.

Amma a safiyar Lahadin nan ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ban san ko mutumin zai saurare ni ba, ban san ko zai sa a kama ni ba, kuma ba na jin Turancinsa, shi ba ya jin Hausata. Gari na wayewa na ɗaura zanen zumunta, na kama jan zakaran da nake ajiye wa Kirsimeti na ɗaure masa ƙafa, na ɗauki kujerar tsuguno. A karo na farko tun da aka yi mini baftisma na wuce ƙofar coci ana buga ƙararrawa ban shiga ba. Na tarar da motarsa a gidan saukar baƙi, direba yana saka kaya a but. Na ajiye kujerata a gaban motar, daidai tsakiya, na zauna, na ɗora zakaran a cinya. Direban ya zagayo.

"Mama, lafiya? Tashi, za mu fita."

"Ba inda za ku."

"Ke ce ta jiya, ko? Oga zai kira miki 'yan sanda fa."

"Ya kira. Ka shiga ka gaya masa zakaran nan na kafaɗarsa ne. Ka ce mata suna can sun kewaye fili, na coci da na masallaci, ba wanda zai gudu yau. Ya zo ya gama kallon ɗana. In kuma Jos ɗin yake so, to ga ni, sai ya bi ta kaina."

Direban ya tsaya yana kallona. Na gyara zama, na riƙe zakaran da kyau, na ce masa ya yi sauri, rana na yi.